Farautar agwagin ruwa a Amurka: abin da doka ke nema kafin ka ɗana bindiga

Tun 1918 agwagi da dinya masu ƙaura suke ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayyar Amurka, saboda haka lasisin farauta na jiha kaɗai ba ya isa. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin farautar agwagwa na tarayya, wanda aka soma a 1934. Kuɗinsa dala 25, yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Idan na takarda ne, ka sa hannu da biro a fuskarsa, in ba haka ba kamar ba ka saya ba. Sai rajistar HIP, wato shirin tattara bayanan masu farautar tsuntsaye masu ƙaura, a kowace jihar da za ka yi farauta, wasu jihohin kuma suna da nasu kan sarkin.

Inda aka fi kama mutane shi ne harsashi. An haramta na dalma wajen farautar agwagin ruwa a faɗin ƙasar tun 1991. Dalili kuwa, ƙwayoyin da suka zube cikin laka agwagi kan haɗiye su a zaton tsakuwa, ƙundu ya niƙa su, gubar ta shiga jini. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san dalma ba abin wasa ba ce. Ba sai ka harba ba, a same shi cikin aljihunka a bakin fadama ma laifi ne, don haka ka zazzage jakarka tun daga gida. Cikin harsasan da aka yarda da su, na ƙarfe ya fi araha, amma bai kai dalma nauyi ba, ƙarfinsa kan ragu da wuri. Ka ƙara girman ƙwaya da mataki biyu (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya): mai amfani da lamba 4 ta dalma ya koma lamba 2 ta ƙarfe, kuma kada ka harbi abin da ya wuce yadi 40, raunata shi kawai za ka yi. Tsohuwar bindiga mai matsattsen baki ƙarfe na iya kumbura mata bututu, ita harsashin bismut, wani ma'adini mai laushi, ya dace da ita.

Bindigar kada ta ɗauki fiye da harsashi 3 gaba ɗaya. Mai cin 5 ana sa mata toshi wanda ba ya fita sai an kwance ta. Gwada da kanka: ma'ajiyar ta karɓi biyu, na uku ya ƙi shiga.

Harbi daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. Ba a harbi daga jirgin ruwa sai an kashe inji ya tsaya cik. Ba a kira da rikoda, ba a ɗaure agwagwa mai rai don jawo 'yan uwanta. Zuba masara ko alkama haramun ne, kuma wurin yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe hatsin tas, ko da ba kai ka zuba ba, muddin ya kamata ka sani.

A yawancin jihohi agwagwa 6 ce iyaka a rana, 7 a yankin Pasifik da ke yammacin ƙasar, amma kowane jinsi da nasa adadin, kuma yana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Idan ka yanka ka fige, ka bar kai ko fiffike ɗaya da gashinsa har ka isa gida, don da shi jami'i zai gane jinsin. Tara tana iya kaiwa dala 15,000 da ɗaurin wata 6.