Idan Na'urar Ɗumama Ruwa Ta Fara Yoyo

A Maradi, yawanci da shigowar sanyin hunturu ake tuna da na'urar ɗumama ruwa, a lokacin ne kuma yoyonta kan bayyana. Kafin komai, a kashe wutarta daga wajen mita, a rufe famfon da ke kai mata ruwa, domin lantarkin NIGELEC mai ƙarfin volt 220 ba ya wasa da jiƙaƙƙen hannu.

Daga nan sai a shafe ta da busasshen tsumma a ga inda ruwa ke tsattsafowa. Ɗigon da ke fita daga bawul ɗin kariya, wato mai rage matsin ruwa a tanki, yayin da ruwa ke zafi aikinsa ne, ba lalacewa ba. In a mahaɗar bututu ne, sauya roba da ɗaure noti sun wadatar. Amma in jan ruwa mai tsatsa ke zuba daga cikin tankin kansa, walda asarar kuɗi ce, sai dai a sayi sabuwa.

Wanda ya yi wa gidansa inshora ya ɗauki hotuna kafin mai gyaran famfo ya taɓa komai, ya adana rasit, ya kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce cikin wa'adin yarjejeniya, wanda dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta hana ya gaza kwanakin aiki 5. Galibi ɓarnar bango da kayan ɗaki ake biya, ban da na'urar da tsufa ya cinye.