"Ai Na Goge Komai": Kurakuran da Ake Yi Kafin a Sayar da Kwamfuta

Duk ƙarshen zangon karatu, shagona da ke Samaru a Zariya kan cika da ɗaliban da suka kammala, kowa da kwamfutarsa a hammata yana neman mai saye kafin a kira shi bautar ƙasa. Idan na tambaya ko an kwashe kayan ciki, amsar ɗaya ce: "Ai na goge komai, Malam." Wata rana na zaunar da wata ɗaliba, da izininta na kunna manhajar Recuva, mai dawo da fayilolin da aka share, a kwamfutarta. Kafin ta shanye ruwan da aka kawo mata, takardar NIN ɗinta ta fito a allo, ga bayanin asusun banki, ga hotunan kamun yayarta da aka ɗauka cikin mata zalla. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Tun watan jiya na share su."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai sharewa a kwamfuta kamar mai gidan haya ne ya soke sunanka a littafinsa, ya ce ɗaki babu kowa, alhali katifarka da akwatinka suna ciki. Har sai sabon ɗan haya ya shigo da nasa kayan, duk wanda ya tura ƙofa zai ga naka. Kwashe kwandon shara (Recycle Bin) ko danna Shift da Delete sunan kawai suke sokewa. Gyaran shi ne a rubuta wani abu a kan gurbin. Windows na da abin yin haka a cikinta: buɗe Command Prompt da ikon mai kula da kwamfuta, ka rubuta cipher /w:C: ka danna Enter. Zai bi duk filin da ake ganin babu komai ya rubuta a kai sau uku, ba tare da ya taɓa fayilolin da kake amfani da su ba. Yana cin awoyi, don haka ka fara shi lokacin da akwai wuta ko janareto na aiki. Idan fayil ɗaya ko biyu ne, manhajar Eraser kyauta ce kuma ta wadatar.

Sai masu dogaro da fomat. A akwatin da ke fitowa akwai wata 'yar alama a gefen Quick Format, kuma a kunne take zuwa. Muddin ka bar ta, littafin mai gida kawai aka yaga aka sa sabo. Cire ta. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat yana rubuta sifili a kan faifan daga farko har ƙarshe. In kuwa kwamfutar gaba ɗaya za ka sayar, shiga Reset this PC, zaɓi Remove everything, sannan ka leƙa Change settings ka kunna Clean data. Nan ne yawancin mutane ke wucewa saboda sauri. Kafin duk wannan, kwafi kundin bincikenka a wuri biyu, domin abin da aka goge ta wannan hanya, ni ma ba zan iya dawo maka da shi ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda suka ji cewa sai an maimaita rubutu a kan faifan sau 35. Wannan adadi daga binciken Peter Gutmann ne na 1996, a kan faifan wancan zamani. Ƙa'idar hukumar NIST ta Amurka mai lamba 800-88 ta nuna rubutu sau ɗaya ya isa ga faifan yanzu. Sauran ɓarnar mai ce kawai.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar kowace ma'ajiya iri ɗaya. Duk abin da na faɗa a sama ya fi aiki a tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, wanda in ka kara kunne za ka ji yana ɗan ƙara. Kwamfutocin da ke shigowa kasuwar Sabon Gari yanzu da yawansu SSD ne a cikinsu, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, kuma shi halinsa daban. Don kada wani sashensa ya riga wani mutuwa, ba ya maimaita rubutu a wuri ɗaya, rarraba shi yake yi, kuma yana da ɓoyayyen fili da Windows ba ta gani. Sai ka ce a rubuta a kan fayil, shi kuma ya rubuta a wani gurbin ya bar tsohon. Duba Task Manager, a sashen Performance zai gaya maka SSD ne ko HDD. In SSD ne, nemi Secure Erase a cikin BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko a manhajar kamfanin da ya ƙera shi, kamar Samsung Magician. Hanyar da na fi so ita ce a kulle faifan duka da BitLocker, manhajar Windows mai rikita bayanai yadda sai da mabuɗi ake karanta su, tun ranar da aka saye shi. Ranar rabuwa, da zarar an lalata mabuɗin, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa.

Wayoyin Android na yanzu da iPhone a kulle suke zuwa irin haka, shi ya sa mayar da su yadda suka fito daga kamfani ya isa, bayan ka cire asusunka. Abin da ake mantawa memori ne. Zare shi ka sa a aljihu. Hoton da ka share kuma yana iya kwana 60 a kwandon Google Photos, fayil kwana 30 a na Google Drive.

Ku kuma 'yan'uwana masu shagunan buga takardu a Kongo da Tudun Wada, takardun mutane da aka yi wa sikanin amana ce a hannunku, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Ku ware dare ɗaya a mako ku share su, ku bi da cipher.

Kwamfutar da ta mutu ma kada ka miƙa wa 'yan gwangwan haka nan. Sau da yawa allon cikinta ne ya ƙone, faifan yana nan lafiya lau, ƙaramin akwatin USB kawai za a sa shi a karanta. Jefa shi a ruwa ba ya kashe shi, maganaɗisu kuma ba ya yi wa SSD ko filash komai. Kwance shi, in mai juyawa ne ka kai wa mai walda ya huda shi wuri uku ko huɗu a gabanka. In SSD ne, buɗe murfin, ka bi baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikin allon ɗaya bayan ɗaya da guduma.