Yadda ake gano sukutelum kafin a soke ƙwaro da fil

Duk lokacin da ɗaliban aikin gona suka kawo akwatin ƙwarin da suka tara, kuskurensu ɗaya ne: fil a tsakar bayan kowane ƙwaro, ko wane iri ne. Yawancinsu ba su san inda sukutelum, wani faranti a gadon bayan ƙwaro, yake ba, alhali shi ke nuna wurin da za a soke.

Ka fara da koren ƙwaron nan mai wari da ke tsotsar kwanson wake, Nezara viridula. Nasa babba ne, ko ba gilashi za ka gan shi. Ka kamo shi da safe, ka sa a kwalba cikin firiza ya kwana don ya mutu. Ni ba na son ruwan goge janfarce da wasu ke ɗigawa a auduga. Firiza ta fi tsabta in akwai wuta, kuma ba kashe kuɗi.

Sai ka kifa shi, kansa na kallon gaba. Ƙirjin ƙwaro gaɓa uku ne, kowace da ƙafa biyu. Faffaɗan farantin da ke bin kai, mai kama da kafaɗu, rufin gaɓar farko ne. Nan ake ruɗewa, a ɗauka shi ne. Ka tsallake shi. Abin da ke biye, mai kusurwa uku, tsininsa na kallon baya tsakanin fukafukai, shi ne sukutelum, kuma na gaɓa ta biyu ne. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa ƙaramar garkuwa.

Kafin ka taɓa fil, ka duba gefensa na gaba. Akwai fararen ɗigo uku a jere, da baƙin ɗigo a kowace kusurwa. Da su ake tantance wannan ƙwaron. Na farko da na soke, tsakiya na bi kai tsaye, kusa da gefen, na farke ɗigon tsakiya, farantin ya tsage. Kwana biyu na yi ina nemansa a gona, da hannuna na ɓata shi. Saboda haka ka kauce dama kaɗan, ka bar tsakiya da hagu lafiya. Fil ya shiga a miƙe, ka bar wajen milimita 10 a sama don riƙewa. Fil ɗin ƙwari lamba 2 ko 3 ake so. Fil ɗin tela yana tsatsa da damina, kauri kuma ya yi masa yawa.

Buzuzu da danginsa masu taurin fiffike dabam ne. Sukutelum ɗinsu ɗan mitsitsi ne a mahaɗar fukafukai, a yawancin masu mirgina kashi ma ba a ganinsa. Su a fiffiken dama ake sokewa, kusa da gaba. Amma ka kula da dangin Scutelleridae, 'yan uwan koren ƙwaron nan: garkuwarsu ta rufe bayan gaba ɗaya, sai ka rantse buzuzu ne. Ka nemi layin da ke raba fukafukai biyu. In babu, kuma akwai bakin tsotso a ƙasa, sukutelum kake kallo.

Sauro ba a soke shi da babban fil, amma da gilashin ƙara girma ka leƙa nasa: na Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro gefensa a zagaye yake sumul, na Culex tudu uku ne.

Saura busarwa. Ka kafa shi a kan farin soson da ake sako firji a ciki, ka daidaita ƙafafu, ka rubuta wuri da kwanan wata, mako guda a inuwa. Ka jefa kafur a akwatin saboda kiyashi.