Yadda ake gyara filin tseren babura kafin ranar Asabar

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ko wasan folo a Katsina ya san kafin doki ya fito an riga an yi kwanaki ana fama da fili. A tseren babura abin ma ya fi, domin doki yakan ga rami ya kauce, babur kuwa inda aka nufa da shi nan zai faɗa. Amma samarinmu sai su shafe mako guda wurin bakanike ana gyaran inji, filin da za a yi gudun kuwa sai Juma'a bayan la'asar wani ya tuna da shi. Ga yadda ake bi idan tseren na Asabar da Lahadi ne, a filin ƙasa irin na bayan gari.

A fara tun saura mako biyu. A ga mai fili, a gaida mai unguwa, a kai magana ga hakimi, a sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Idan ba a samu izini ba, a bar zancen nan. Idan an samu, sai a ɗauki diga a je a tona ƙasar a wurare huɗu ko biyar, a ga me ke ƙarƙashi. Ƙasarmu ta nan yawanci jigawa ce: taya na nutsewa, ruwa kuma ba ya zama. Laka kuwa da rani ta fi siminti tauri, da ta sha ruwa sai santsi kamar an zuba karkashi. Wadda ta fi ita ce jar ƙasa mai ɗan yashi a ciki. In filin jigawa ne, a kawo tifar jar ƙasa a zuba a kwanonin hanyar, wato inda take lanƙwasa, da wurin tashi, a cakuɗa ta da ta wurin. Wannan aiki na makon farko ne, ba na jajibiri ba. A 2020 an sabunta kwaltar filin Istanbul na Turkiyya gab da tseren motoci na Formula 1, motoci suka yi ta sulɓewa tun kafin ruwan sama ya sauka, saboda kwaltar ba ta gama kwanciya ba. Sabuwar ƙasa ma haka take, tana son kwanaki kafin ta kama jikinta.

Sai zagaye da ƙafa, ba a kan babur ba. A manyan tsere na duniya injiniyoyi da direbobi da dama sukan taka filin ranar Alhamis, suna duba kowace kwana. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2023 a Las Vegas ta Amurka, murfin wani ramin bututun ruwa ya ɓalle ya farfasa ƙasan motar Ferrari ta Carlos Sainz, minti kaɗan da fara gwajin farko, dole aka soke gwajin. To ina ga filin da awaki ke kiwo a kai? A jera mutum shida ko takwas kafaɗa da kafaɗa, kowa da buhu, a bi a hankali. Abin nema: ramin gafiya, gindin suri, kututturen da aka sare aka bari, fasassun kwalabe, duwatsu, da tsidau mai huda taya. Ƙusoshi da guntayen waya ba sa ganuwa da ido, don haka a ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika, a ɗaura masa igiya, yaro ya ja shi a ƙasa. Za ku sha mamakin abin da zai kwaso. Ramin gafiya kada a rufe bakinsa kawai, a tona shi har ƙarshe a cike a daddaɓe, in ba haka ba zai rufta a zagaye na uku.

Ranar Laraba tarakta ta shiga da haro ta fasa saman ƙasar kamar tsawon yatsa, musamman inda ta yi gargada. In an samu gireda ta daidaita, madalla. In ba a samu ba, a ɗaura tsohon ƙarfen gado ko babban gungume a bayan tarakta a ja. A kwanoni a ɗan tara ƙasar ta gefen waje, ta fi ta ciki tudu, don taya ta sami abin jingina.

Yanzu ruwa, wanda a nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin. Abin da aka saba shi ne a kira tanka da safiyar Asabar ta kwarara ruwa. Sakamakon: awa ɗaya na taɓo, yara suna ta faɗuwa, kafin azahar kuma ƙura ta dawo kamar ba a yi ba. Ruwan da ke amfani shi ne wanda ya shiga ciki, kuma shi ya sa aka fasa ƙasar tun farko. A zuba da dare, bayan isha'i, daren Laraba da na Alhamis da na Juma'a. Da dare rana ba ta shanye shi, yana da lokacin ratsawa. Tanka ta riƙa tafiya tana yayyafi, kada ta tsaya wuri ɗaya. Kowace safiya a bi da rola, ko a sa mota mai nauyi ta yi ta kai da komo har ƙasar ta danne. Gwajin kuwa na tafin hannu ne: ka tona kaɗan, ka damƙi ƙasar ka matse. In ta dunƙule kamar curin fura ba ta jiƙa maka hannu ba, ta yi. In ta wargaje, da saura. In ruwa ya fito tsakanin yatsu, an zarce, a bar ta ta sha iska. Da hunturu iska na busar da ƙasa da sauri fiye da yadda ake zato, ko da gari ya yi sanyi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ni dai shawarata a yi tseren da sassafe ko bayan la'asar. Da damina kuwa aikin ya juya: a haƙa 'yan magudanai ta cikin kwanoni, kuma in an kwana ana ruwa a kan laka, a ɗaga tseren kawai.

Kada a manta da iska. Filin Sakhir na Bahrain, wanda ya fara karɓar Formula 1 a 2004, yana tsakiyar hamada ne, har wani abu mai danƙo ake fesa wa rairayin da ke kewaye don kada ya hau kwalta. Mu ba mu da wannan kuɗin, amma mun san iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. A ajiye 'yan kallo ta wannan ɓangaren, ƙura ta tafi can gaba. Miƙaƙƙen layin da aka fi gudu a kai kuma kada ya fuskanci yamma in tseren na yamma ne, rana za ta shiga idon mahaya daidai lokacin taka birki.

Juma'a bayan masallaci a kafa shinge. Tsofaffin tayoyi a ɗaure su da juna, domin taya guda in aka buge ta gangarawa take cikin jama'a. Kada a bar kowa ya tsaya a bayan kwana, ko ɗan wane ne, nan babur ke nufa in ya ƙwace. Kowace kwana a sa mutum da tuta, rawaya don a rage gudu, ja don a tsaya. A bar hanya buɗe ga motar asibiti, a kuma yi magana da makiyayan kusa tun da wuri.

Asabar da asuba a sake zagayawa da ƙafa, a yi yayyafi kaɗan, sannan a saki mahaya biyu ko uku da hular kwano su yi zagayen gwaji a hankali su faɗi abin da suka ji. A kan kwalta, yawan gudu na ƙara wa taya kamu saboda robar da ke mannewa a hanya. Filin ƙasa akasin haka yake yi: kwanoni na yin kwari, wurin birki na yin gargada. Saboda haka a ware minti goma sha biyar tsakanin kowane rukuni, masu shebur da manjagara su cike kwarin, tanka ta wuce sau ɗaya. Daren Asabar a sake haro da ruwa kamar na Laraba, don 'yan Lahadi su ma su sami fili.