Kurakuran da muke yi wa mai shan ƙwaya da mai matsalar cin abinci

A Damagaram ba a buƙatar a yi wa kowa bayanin tramol. Ɗan kabu-kabu yana sha don ya yini bisa moto, ɗan ga-ruwa yana sha don kada ya ji nauyin kura, a wata fadar kuma cikin kofin shayi ake jefa shi. Inda ake buƙatar bayani shi ne abin da gida yake yi ranar da ya gano ɗansa ya faɗa ciki, don sau da yawa matakin da iyaye suke ɗauka da kyakkyawar niyya shi ne yake ƙara dagula lamarin.

Kuskure na farko yana cikin maganar da ake yawan ji: "Daɗi yake ji, shi ya sa ya ƙi bari." A 1954 wasu masu bincike biyu, James Olds da Peter Milner, a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, sun sa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli wanda in an danna shi yake tura ɗan lantarki zuwa wurin. Ɓeran ya riƙa danna maɓallin ba ƙaƙƙautawa. Shekaru da dama ana ɗaukan cewa an gano mazaunin jin daɗi ne, kuma dofamin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa take fitarwa, shi ne daɗin. Sai Kent Berridge na jami'ar Mishigan ya zo da wani gwaji: ɓerayen da aka raba ƙwaƙwalwarsu da dofamin, in aka ɗiga musu ruwan sukari a baki suna lasar leɓe kamar kowane ɓera, amma ba sa tashi su nemi abinci ko da yana gabansu. Ke nan dofamin aikinsa ingiza mutum ya nema, daɗin kuwa wata hanya yake bi dabam. A 1993 shi da Terry Robinson suka bayyana cewa yawan shan ƙwaya yana ƙara wa wannan ingizawar ƙarfi, alhali daɗin raguwa yake yi. Saboda haka idan yaro ya ce, "Wallahi Baba ba na jin komai yanzu, amma na kasa bari," mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mari a wannan lokacin ba abin da yake koya masa sai ya daina faɗa. A tambaye shi me yake sha, guda nawa a yini, da wane lokaci sha'awar ta fi taso masa. Waɗannan amsoshin likita zai nema.

Daga nan sai ɗauri. A kulle shi a ɗaki, ko a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa, a ce in ya rasa zai manta. Haɗari biyu ne a nan. Wanda jikinsa ya saba da tramol, in aka yanke masa rana ɗaya, zai yi zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da fargaba. Wannan wahala ce. Amma wanda ya saba da diyazafam, ko giya mai yawa, yankewa farat ɗaya tana iya sa shi jijjiga har ya rasa ransa. A hankali ake ragewa, a hannun likita. Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa: bayan makonni ba sha, jiki ya sauka daga adadin da ya saba ɗauka. Ranar da aka sake shi, ko ya fito daga kaso, in ya haɗiye yawan da yake sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari, kuma su ne lokacin da gida yake sakin jiki yana cewa an warke.

Tramol kansa yana kawo jijjiga. Iyakar da likitoci suka sa wa babban mutum ita ce miligiram 400 a yini, alhali ƙwayar da ake sayarwa a ɓoye akwai mai 225, guda biyu sun riga sun wuce iyaka. Matashi ya faɗi a bakin kasuwar Dole yana kumfa, nan take a ce iskoki ne, wani ya tura masa cokali a baki, wani ya ɗura masa ruwa. Kada a sa masa komai a baki. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi a gefensa, in jijjigar ta kai minti biyar ko numfashinsa ya yi ƙasa a garzaya asibiti. A can kuma a faɗi abin da ya sha. Kunyar da ake ji wa majo, wato ma'aikacin jinya, ba ta kai ran yaron ba. Addu'a da rubutu ba su hana wannan, a haɗa su.

Akwai wani bincike da nake ganin ya kamata kowane uba ya ji labarinsa. Lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da hodar heroyin. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu bayan sun koma gida, ta tarar kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Wurin ya canza, abokan sun canza, ƙwayar ba ta kusa. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure sha'awar da wuri da lokaci da fuskoki: bencin fadar, kiɗan da ake sawa, kwanar da mai sayarwa yake tsayawa. Mu kuwa sai mu kai yaro magani, ya dawo, ya koma bisa moto ɗaya, tasha ɗaya, da lambobin nan duka a wayarsa. In aikin ne yake sa shi sha don ya jure, a rage masa awowin ko a nema masa wata sana'ar. In kuma ya koma sha bayan wata uku, ba a ce an yi asarar kuɗi a sallama shi. Masu bincike sun kiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna komawa, kusan kamar yadda hawan jini yake dawowa, kuma ba wanda yake korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa.

Matsalar cin abinci kuwa ba ma ma ɗauke ta cuta ba. Wasu cewa suke yi ta Turawa ce, ina za a samu mai ƙin abinci a ƙasar da ta ga yunwar 2005. A tsibirin Fiji ma a da ƙiba ce abin so. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, kuma lokacin da wata mai bincike, Anne Becker, wadda ta je can a shekarar, ta koma a 1998 ta tarar fiye da ɗaya cikin goma na ƴan matan makaranta da ta tambaya suna jawo amai don rage jiki, abin da ba ta samu ko ɗaya ba a karon farko. Wayar da ke hannun ƴan matanmu ta fi waccan talabijin nuna jikin mutane.

Yarinya ta fara tsakurar tuwo tana tura saura gefe, ta ce ta ci a makaranta, ta yawaita azumin nafila ba tare da yin sahur ko buɗa-baki na kirki ba, hailarta ta ɗauke, tana jin sanyi cikin watan zafi. Inna ta ce, "Ku ƙyale ta, in ta ji yunwa za ta ci." Ba za ta ci ba. Wannan cuta tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma yunwar da kanta take ƙara rikita tunani. A 1944 zuwa 1945 wani mai bincike, Ancel Keys, ya gwada haka a Minesota ta Amurka da maza 36 lafiyayyu: wata shida suna cin kusan rabin abincinsu, suka rasa kwatan nauyinsu. Suka koma ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna lashe kwano, ga saurin fushi. Da aka sake musu abinci wasu suka riƙa ci har su yi amai. Wannan ya bayyana wadda take yini ba ci, dare ya yi ta share tukunya a ɓoye, sannan ta sa yatsa a maƙogwaro. Kiran ta mai haɗama yana ƙara mata ɓoyewa. Abin da ake fara gyarawa shi ne lokacin ci: sau uku a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani, wani babba yana zaune da ita har bayan an gama.

Wadda ta rame sosai kuma ba a cika mata ciki rana ɗaya. Duk uwar da ta taɓa jinyar yaro mai tamowa a asibiti ta ga ana fara masa da madarar F-75 kaɗan-kaɗan kafin a ƙara. Dalilin ɗaya ne ga babba: abinci mai yawa bayan doguwar yunwa yana zubar da sinadarin fosfet na jini, zuciya tana iya tsayawa.

Ɗaya ɓangaren shi ne maganin ƙiba, wanda amare suka fi faɗawa ciki gab da biki. Deksametazon, ƙwayar da ake sha don ƙiba, ba ya gina jiki. Fuska ce take kumbura, kitse ya taru a ciki, hannu da ƙafa su sirance, ga ciwon sukari da hawan jini suna biyo baya. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta watsar rana ɗaya don ta tsorata, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin, jininta yana iya faɗuwa ta suma. Ita ma ragewa ake yi a hannun likita.

Mai ciki da take cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara kullum, ba faɗa ake yi mata ba. Sau da yawa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jini. A gaya wa ungozoma ranar awo ta sa a gwada jinin, in an ba da ƙwayoyin ƙarin jini a shanye su har ƙarshe ko da bayan gida ya yi baƙi.