Darasi na Tara: Idan Sabuwar Manhajar Taswira Ta Fito

A darasin da ya wuce mun sa rijiyoyin unguwarmu a kan taswira. Manhajar da muka yi aikin da ita sunanta QGIS. Yau za mu koyi abin da ake yi idan sabuwarta ta fito.

Wani mutum mai suna Gary Sherman ne ya fara rubuta ta a 2002. Yanzu mutane daga ƙasashe da yawa ke haɗa hannu suna gyara ta. Ba a sayar da ita. Kowa yana da izinin ya sauke ta, ya ba wani, har ya duba yadda aka gina ta ya gyara. Saboda haka idan ɗaya daga cikinku ya sauke ta, sauran su kawo filas su kwafa. Halal ne, kuma an rage asarar data, don manhajar tana da nauyi.

Galibi duk bayan wata huɗu ake fitar da sabuwa. Kowacce tana da lamba da suna, galibi sunan gari. Ta Oktoba 2023 ita ce 3.34, sunanta Prizren. Ta Oktoba 2024 ita ce 3.40, sunanta Bratislava. Lambar za ku riƙe, domin ita ce za a tambaye ku idan kun nemi taimako.

To ga inda nake so ku natsu. A shafin qgis.org za ku ga iri biyu. Ɗaya sabuwa ce fil. Ɗayar an rubuta mata haruffa uku: LTR. Ita wannan sau ɗaya ake zaɓar ta a shekara, sai a yi ta toshe kurakuranta ba tare da an sauya mata fasali ba. Ni ita nake so ku ɗauka. Mai koyo yana bukatar ya tarar da maɓalli yau a inda ya bar shi jiya. Sabuwa fil ta ƙwararru ce, masu jiran wani kayan aiki da babu a tsohuwar.

Kafin ku sa sabuwa, ku fara kwafe aikinku a filas. Ku lura, aikin kashi biyu ne. Akwai fayil mai ƙarewa da qgz, wanda ke riƙe da launi da tsarin taswirar. Rijiyoyin da hanyoyin kuwa suna cikin wani fayil dabam. Wanda ya kwafi na farko kaɗai, zai buɗe ya tarar da taswira wayam. Ku kwafi jakar, wato foldar da fayilolin suke ciki, gaba ɗaya.

Sabuwar manhaja tana buɗe tsohon aiki. Amma aikin da aka adana da sabuwa, tsohuwa kan yi gargaɗi, wani abin ma ya ɓace. Don haka duk ajin nan mu tsaya a kan lamba ɗaya. Haka ma ƙananan kayan aikin da ake jona mata: lokacin da 3.0 ta fito a 2018, da yawa daga cikin na da sun daina aiki sai da masu su suka sake rubuta su.

Bayan kun sa ta, ku buɗe taswirar rijiyoyinmu, ku dubi kusurwar ƙasa ta dama. Za ku ga EPSG:4326. Wannan shi ne ma'aunin da GPS ɗin wayarku ke aiki da shi. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa da ma'aunin Minna aka yi su. Idan aka gauraya su ba a gaya wa manhajar ba, rijiya za ta goce daga wurinta da mita masu yawa. A maganar iyakar gona, wannan tazarar ta isa ta haɗa maƙwabta faɗa.

Aikin gida

Ka buɗe QGIS, ka nemo lambarta, ka rubuta a littafinka. Ka kwafi jakar aikinka a filas, ka buɗe ta a kwamfutar abokin zamanka. Ka ƙirga rijiyoyin. Sun cika? Idan ba su cika ba, ka zo da filas ɗin ranar darasi na gaba mu duba tare.