Kafin ka sayi ƙaramar mota ta hannu, leƙa ramin safaya

'Yan uwa, duk mai shirin sayen ƙaramar motar nan mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, don Allah ya ɗaga shimfiɗar but, ya ciro safaya, ya duba ramin. Ni ban duba ba. Sai da aka tafka ruwan sama na fara jin warin danshi, ashe robar ƙofar ta tsufa, ruwa na kwanciya a ramin, tsatsa har ta fara cin ƙarfe.

A nan kuma ake gane wadda aka taɓa buga wa baya, za ka ga ƙarfe ya yamutse ko sabon fenti. Sannan ka je tun injin bai yi zafi ba, ka tayar da motar da kanka. In hayaƙi ya fito shuɗi, tana shan baƙin mai.